Lamba 43, Faɗi Milimita 109: Yadda Ƙanina Ya Sha Fama Kafin Ya Sami Takalmin Keke Daidai Ƙafarsa

Ranar da na gane abin ya wuce wasa muna kan hanyar Wudil ne, wata Asabar cikin watan Afrilu. Mu shida muka baro Kano bayan sallar asuba, kowa a kan kekensa, da niyyar mu taɓa gadar Wudil mu juyo kafin rana ta buɗe. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce zuwa, 40 dawowa. Ba mu ci rabin hanyar dawowa ba na waiga ban ga ƙanina ba. Da na koma baya sai na tarar da shi zaune a gindin wata darbejiya, ya cire takalman duka biyu, ya tuɓe safa, yana tsiyaya wa ƙafarsa ta dama ruwan gorarsa, ruwan da ya kamata a ce sha ya yi.

"Yaya, wallahi kamar garwashi na taka," abin da ya ce da ni ke nan.

Na durƙusa na duba. Gefen ƙafar, daidai gindin ƙaramin yatsa, ya yi jajir ya tasa. Shatin ɗinkin takalmin ya kwanta a kan fata kamar an zana da biro. Na matsa yatsa na uku da na huɗu, ya ce yana jin ana taɓa wani abu amma ba kamar jikinsa ba. Sai da muka yi kusan minti ashirin a wurin kafin ji ya dawo, kuma da ya dawo, da zogi ya dawo kamar ana soka masa allurai.

Na rubuta wannan ne saboda matsalar takalmin nan ta ci mu fiye da shekara, ta ci kuɗin takalma uku, ta kuma kusa raba yaron da keke gaba ɗaya. Na tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Ƙafar da ake magana a kanta

Shekararsa 31, ma'aikacin ofis ne, yini yake a zaune gaban kwamfuta, dalilin da ya sa ya kama hawan keken tsere ke nan. Ƙafarsa irin ta gidanmu ce, ta mahaifinmu: gajeren tsawo, faffaɗan gaba, yatsu a baje kowanne da filinsa, dunduniya kuma siririya. Ya tashi da silifa da takalmin dukawa. In ka cire kambas ɗin ƙwallo da takalmin makaranta, bai taɓa daɗewa cikin rufaffen takalmi ba sai da ya fara aiki.

Wannan tashin yana da hannu a zancen. Tun 1905 wani likita mai suna Phil Hoffmann ya wallafa kwatancen ƙafafun mutanen da ke yawo babu takalmi da na masu sa takalmi, ya nuna yadda yatsun na farko ke bajewa, na biyun kuma ke tattaruwa su bi siffar takalmin. A 2009 Kristiaan D'Août da abokan aikinsa suka yi awo a kudancin Indiya, su ma suka tarar waɗanda suka saba tafiya ba takalmi ƙafarsu ta fi faɗi. Mu da yawancinmu muka girma da buɗaɗɗen takalmi, wannan ba labari ba ne. Ƙafar lafiyayya ce. Abin da ya faru kawai shi ne yawancin takalman keke ba a kan irinta aka gina su ba.

Ga wanda bai san takalmin keke ba, ya bambanta da kowane takalmi ta fuska biyu. Ƙasansa ba ya lanƙwasuwa, da roba mai tauri ake yin sa ko da kabon, wani abu mara nauyi mai tsananin tauri, domin ƙarfin da aka danna ya tafi kan feda kai tsaye. Sannan a ƙarƙashinsa akan ɗaure wani ɗan ƙarfe ko roba da noti, masu keke na ce masa kilit, shi ne ke shiga cikin feda ya maƙale, ba ya fita sai an murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari a 1984, Bernard Hinault ya ci gasar zagayen Faransa da shi a 1985, daga nan kowa ya bi. A 1990 Shimano na Japan ya fito da nasa mai noti biyu, SPD, wanda kilit ɗinsa ke nutsewa cikin ƙasan takalmi har a iya tafiya da shi a ƙasa.

To ka duba abin da wannan ke nufi ga ƙafa. A tafiyar ƙasa, duk taku ƙafa na lanƙwasuwa, tana tashi, tana hutawa, nauyi na yawo daga dunduniya zuwa yatsu. A kan keke wuri ɗaya ake dannawa. Mai juya feda sau 90 a minti ya danna wurin nan sau 5,400 a awa guda. Tafiyar Wudil ta awa huɗu ta haura dannawa 21,000 a kowace ƙafa, cikin akwatin da ba ya motsi, a kan kwalta mai zafi, ga ƙafa na ƙara kumbura yayin da rana ke ɗagawa. Matsin da mutum zai yini da shi a takalmin ofis bai ko lura ba, a nan awa biyu ta isa ya zama azaba.

Takalmi na farko

A kasuwar gwanjo ya samo shi, kamar yadda yawancinmu muke samu. Lamba 43, lambar da yake sawa a komai. Takalmi ne mai kyau, ƙasan kabon, baki wuluk, kansa a tsuke kamar bakin kwalekwale. Da ya gwada ya ce yana matse shi a gefe, mai kayan ya ce, "Zai saki, maigida, duk takalmi haka yake, sati biyu ka ba shi." Ban ga laifin mutumin ba. Abin da ya sani ya faɗa, domin takalmin fata lallai yana saki. Amma saman wannan takalmin ba fata ba ne, wani yadi ne na roba da aka yi shi musamman domin kada ya miƙe, kuma haka saman yawancin takalman keke na zamani yake.

Wata biyar yana jira ya saki. Da ya gaji ya kai wa shumeka, aka jiƙa shi, aka cusa masa katako ya kwana biyu. Ya ɗan buɗe a daidai ƙaramin yatsa, har ƙanina ya yi murna. Murnar ba ta kai sati ba. Saman ya ba da wuri, amma ƙasan yana nan yadda yake, don haka gefen ƙafar ya zarce farantin kabon ɗin ya rataya a kan kaifinsa. Ciwon ya tashi daga gefe ya koma ƙarƙashi, a wurin kuma kanta ta fito.

A lokacin mu da muke hawa tare da shi ba mu taimaka ba, kuma wannan yana damuna har yau. Abin da muke ta faɗa masa shi ne takalmin keke dole ya kama ƙafa, ya daure, kowa da haka ya saba. Rabin maganar gaskiya ce: dunduniya da tsakiyar ƙafa su ake so a kame. Gaban ƙafa kuwa fili yake so. Mun haɗa biyun mun mayar da su abu guda, muka sa yaro yana ganin raki yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu da ba ma kwana a ɗakin muka fi shi baki.

Takalmi na biyu, kuskuren da ya fi tsada

Bayan abin da ya faru a hanyar Wudil sai ya yi abin da kowane mai faɗin ƙafa ke yi tun yana yaro: ya ƙara lamba. Ya sayi 45. A shago daɗi kamar me, yatsu na motsi, babu inda ke cizo.

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci mene ne lambar takalmi. Lambar Turai da muke amfani da ita, 42, 43, 44, tsawo kaɗai take aunawa. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kashi biyu cikin uku na santimita, wato milimita 6.67. Daga 43 zuwa 45 ya ƙara wa kansa tsawon da ya haura milimita 13. Faɗin ma yakan ƙaru in lamba ta ƙaru, amma kaɗan ne, 'yan milimitoci. Sauƙin da ya ji ya samu ne domin ƙafarsa ta ja baya daga tsukakken kan takalmin, ba domin takalmin ya zama mai faɗi ba.

A takalmin yawo wannan dabarar tana wucewa. A na keke ba ta wucewa, saboda ramukan da ake ɗaure kilit an huda su ne daidai inda ake sa ran tudun ƙafar mai lamba 45 zai sauka. Ƙafar ƙanina ta fi guntu, dunduniyarsa na can baya, sai kilit ya faɗo gaba da tudun ƙafarsa, kusan ƙarƙashin gindin yatsu. Ya koma yana tuƙa keke da yatsu, kamar mai hawa tsani a kan ɗage. Cikin sati uku sharaɓarsa ta fara ɗaurewa, agararsa ta dama ta fara ciwo da safe in ya sauko daga gado.

Bai tsaya nan ba. Da yake takalmin ya yi masa yawa, dunduniya ta riƙa zamewa sama duk lokacin da ya miƙe a kan feda. Maganin da ya gani shi ne ya ƙara ɗaurewa. Takalmin na da ɗan maɓallin nan mai juyawa da ke jan siririyar waya, irin na BOA, mai daɗin aiki har ya sa mutum ya wuce gona da iri bai sani ba: ƙas, ƙas, ƙas, kana tafe kana ƙarawa. Wayar ta danne doron ƙafa, inda jijiyoyi ke kwance kusa da fata. Sagewar da aka gudu ta dawo, wannan karon har da babban yatsa. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

A nan ya ajiye keken. Wata biyu yana jingine a soro, taya ta sace, ƙura ta rufe sarƙa.

Zuwa asibiti

Mahaifiyarmu ce ta matsa. Da ta ji ana zancen ƙafa na sagewa, hankalinta bai tafi kan takalmi ba, kan ciwon suga ya tafi, domin akwai shi a dangi kuma ta ga yadda yake fara cin mutum ta ƙafa. Ta yi daidai, kuma duk wanda ƙafarsa ke sagewa ina roƙonsa ya fara ta nan kafin ya ɗora wa takalmi laifi. An gwada jininsa, suga lafiya lau.

Likitan ya kama gaban ƙafar da hannu ɗaya ya matse ta daga gefe zuwa gefe, ya danna tsakanin yatsa na uku da na huɗu da ɗaya hannun. Ƙanina ya zabura. Bayanin da aka yi masa mai sauƙi ne. Cikin ƙasusuwa 26 da ke ƙafa, akwai dogaye biyar da suka taso daga tsakiya suka ƙare a gindin yatsu. Ta tsakankaninsu jijiyoyin da ke kai ji ga yatsu suke bi. In aka matse ƙafa daga gefe, kawunan ƙasusuwan nan sai su haɗu su danne jijiyar, abin da ke kawo zafi kamar wuta da sagewa ke nan. In aka daɗe ana yi, naman da ke kewaye da jijiyar kan yi kauri ya zama ciwo mai zaman kansa, wanda ake kira da sunan Thomas Morton, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1876, kuma tsakanin yatsa na uku da na huɗu ya fi zama. Na ƙanina bai kai can ba, tunda jin yana dawowa in ya cire takalmi. Aka ce ya raba ƙafarsa da duk abin da ke matse ta, in sagewar ta fara kwana a ƙafar ko ta riƙa zuwa ba a kan keke ba, ya dawo.

Domin kada ya yi ta zama, na cire masa fedar maƙalewa na sa masa shimfiɗaɗɗiya mai 'yan haƙora, ya koma hawa da kambas ɗinsa mai faɗi. Ya ɗauka koma baya ne, har yana jin kunyar fitowa cikin 'yan uwa. Ba koma baya ba ne yadda ake zato. A 2016 Asher Straw da Rodger Kram na Jami'ar Colorado sun auna ƙarfin da jiki ke ƙonawa a tuƙi na matsakaicin gudu, da takalmin keke a maƙale da kuma takalmin gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar feda, ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba. Inda takalmin keke ke nuna kansa shi ne wurin fizgar gudu da dukkan ƙarfi. Ga mai hawa domin lafiya, feda shimfiɗaɗɗiya da takalmin da bai matse shi ba hanya ce cikakkiya, wani ma a nan ya kamata ya tsaya. Shi dai ƙanina yana son maƙalewar, kuma laushin ƙasan kambas na gajiyar da tafin ƙafarsa in tafiya ta haura awa biyu. Don haka neman bai ƙare ba.

Kwali da biro

Wanda ya buɗe mana ido bai taɓa hawa keken tsere ba. Wani tsohon baduku ne a unguwarmu, wanda ya yi wa mahaifinmu takalma shekara da shekaru. Mun je ne a yi wa ƙanina takalmin sallah, da la'asar sakaliya. Tsohon bai tambayi lamba ba. Ya jawo kwali ya shimfiɗa a ƙasa, ya ce, "Taka, ɗana. A'a, miƙe tsaye, ka sakar mata nauyinka." Ya kama biro a tsaye cak, ya zagaye ƙafar dama, ya zagaye ta hagu. Sannan ya ɗauki tsinken zare ya naɗe gaban ƙafar ta inda ta fi faɗi, ya ƙulla alama. Ya daɗe yana kallon zanen, sai ya ce, "Wannan ƙafar ba ta kanti ba ce."

Ƙanina ya ce, "Baba, me ya sa sai na tsaya?"

Ya ce ƙafar da ke zaune ƙarya take yi, sai an ɗora mata kaya take faɗin gaskiyar girmanta, kuma shi ba ya son awon safe, domin ƙafa da yamma ta fi cika.

A daren muka maimaita abin a gida, da takarda da rula, dunduniya a jikin bango, yana sanye da safar da yake hawa da ita. Dama: tsawo milimita 268, faɗi 109. Hagu: tsawo 265, faɗi 106. Shekara 31 yana tafe da ƙafafun nan bai san ɗaya ta fi ɗaya ba, bai kuma taɓa sanin faɗinsu ba. A jadawalin Shimano, lamba 43 na daidai da santimita 27.2, ka ga ke nan tsawonsa 43 ne cif, bai taɓa buƙatar 45 ba. Amma a jadawalan da muka duba na kamfanonin da ke bayyana faɗi, takalmin gama-gari a wannan lambar kusa da milimita 100 yake tsayawa. Kusan santimita guda na ƙafarsa ba shi da wurin zama.

Muka yanke zanen da almakashi, muka zura shi cikin takalmi na farko. Takardar ta naɗe ta hau bango ta gefen ƙaramin yatsa. Muka zaro shimfiɗar cikin takalmin ya taka ta a ƙasa: ƙaramin yatsa gaba ɗayansa a waje yake, a kan siminti. Shiru muka yi mu biyu. Wata biyar ya yi yana cusa wannan ƙafar cikin wancan wurin, muna ce masa ya daure.

Kalmar "mai faɗi" ba abu ɗaya take nufi ba

Kowane takalmin kamfani a kan wata ƙafar samfuri ake gina shi, da ta katako ce, yanzu ta roba. Siffar wannan samfurin ita ce ainihin takalmin, kuma kowane kamfani da nasa. Shi ya sa 43 na wannan ba 43 na wancan ba ne.

Da muka shiga nema sai muka tarar akwai masu yi domin irin ƙafarsa. Lake, wanda aka kafa a Amurka a 1982, ya yi suna a kan wannan: yana da samfura daban-daban, yana fitar da faɗin kowace lamba da milimita, yana kuma ba da shawarar a ƙara milimita 5 a kan tsawon ƙafa kafin a zaɓi lamba. Wasu takalmansa na fata ne na gaske, masu bin ƙafa a hankali. Sidi na Italiya, wanda Dino Signori ya kafa a 1960, yana da jerin da yake kira Mega. Shimano da Specialized da Fizik duk suna fitar da masu faɗi a wasu takalmansu. Bont na Ostareliya, wanda ya faro daga takalman tseren kan ƙanƙara, yana yin kan takalminsa da siffar yatsun mutum maimakon tsini, kuma ana iya gasa shi a oven mai zafin digiri 70 na minti 20 a sa shi ya bi ƙafa, ko da yake gashin na gyara wurin da ke cizo ne, ba ya mayar da tsukakke faffaɗa.

Abin da ya fi ba mu wahalar ganewa shi ne wannan: wani takalmin da aka rubuta wa "mai faɗi", yadin sama kawai aka ƙara masa, ƙasan kuwa ɗaya ne da na gama-gari. Irin wannan na yi wa mai tudun doron ƙafa ko mai kaurin ƙafa amfani. Ga ƙanina kuwa, maimaita aikin shumeka ne da tsada: gefen ƙafa zai sake rataya a kan kaifi. Shi faɗin ƙasa yake bukata, da kai mai fili, da dunduniya matsattsiya. Ukun nan tare, kuma na ukun shi ake yawan mantawa, domin takalmin da aka faɗaɗa ko'ina zai bar siririyar dunduniya na yawo, a koma gidan jiya na ɗaurewa fiye da kima.

Ba mu sami inda za mu gwada irin waɗannan a kusa ba. Abin da muka yi shi ne muka aika wa wani ɗan uwanmu da ke karatu a Ingila awon da hoton zanen, da rula a gefensa. Ya sake zana shi a takarda daidai da milimitocin, ya yanke, ya shiga shagon kekuna da takardarsa. Ya zura ta cikin takalma huɗu. Biyu ta naɗe, ɗaya ta kwanta amma da ƙyar, ɗaya ta kwanta shimfiɗe da ɗan sarari a gaba. Ya zaro shimfiɗar cikinsa ya ɗora rula a kai ya turo mana hoto. Shi muka ce ya saya, lamba 43, mai faɗi, da awon ƙafar dama tunda ita ce babba.

Da gangan ba zan faɗi na wane kamfani ba ne. In na faɗa, wani zai je ya saya da sunan an ce shi ne maganin faɗin ƙafa, alhali ƙafarsa da ta ƙanina ba ɗaya ba ce. Abin da zan faɗa shi ne irinsa: mai noti biyu, ƙasansa roba mai tauri ba kabon ba, fari mai ramukan shan iska, da maɗauri biyu dabam, ɗaya a gaba ɗaya a sama, yadda zai iya sassauta gaban ya bar saman a kame. Mun zaɓi mai noti biyu ne domin ana iya takawa da shi a shiga wurin mai shayi ko a tsaya sallah a hanya ba tare da ana tafiya kamar agwagwa ba, kuma ramukansa dogaye ne, suna barin kilit ya ja baya sosai. Kuɗinsa da na kawowa ya yi nauyi. Amma bai kai abin da aka kashe a kan biyun farko da shumeka da asibiti ba.

Saitin da ya rage

Takalmin ya iso, ya sa, ya tsaya a tsakar gida yana motsa yatsu a ciki, yana dariya shi kaɗai. Duk da haka fitar farko ba ta zo yadda muka so ba: bayan awa ɗaya da rabi ɗumin ya fara tasowa a ƙarƙashin tudun ƙafa. Gabansa ya faɗi.

Wannan karon ba mu ce ya daure ba. Na sa ya saka takalmin, na laluba gindin babban yatsa ta waje na manna ɗan salatif, na yi haka a gindin ƙaramin yatsa. Da ya maƙale a feda sai ga sandar feda daidai ƙarƙashin alamar babban yatsa, inda tsohuwar ƙa'ida ta ce a sa ta. Ga mai wannan ciwon, wurin ya yi gaba da yawa. Na ɗauki alanki mai lamba 4 na kwance notin, na ja kilit baya har ƙarshen ramin, kimanin santimita guda, yadda matsin zai sauka bayan kawunan ƙasusuwan ba a kansu ba. Da yake jan kilit baya kamar ƙara wa ƙafa nisa ne daga sirdi, na sauke sirdin da 'yan milimitoci. Muka canja safa mai kauri da siririya. Muka manna wani ɗan tudun soso a kan shimfiɗar ciki, a bayan tudun ƙafa kaɗan, domin ya ɗaga ƙasusuwan ya buɗa tsakaninsu. Sai da muka ɗaga shi muka sake mannawa sau uku, domin in ya zo daidai ƙarƙashin tudun, ƙara ciwon yake yi.

Abu ɗaya muke canjawa a kowace fita, ya hau, ya dawo ya faɗi abin da ya ji. Sati shida aka yi ana wannan. Ciwon agara ya tafi tun a sati na biyu. Kantar gefen ƙafa ta daɗe kafin ta baje.

Da Afrilu ya zagayo muka sake kama hanyar Wudil, cikin irin zafin da ya zaunar da shi bara. Ya je ya dawo bai sauka ba sai a gada, inda dukkanmu muka tsaya shan ruwa. Ba zan ce ƙafar ta zama kamar ba a taɓa yi ba. Har yanzu in tafiya ta haura awa uku kuma rana ta take, gindin ƙaramin yatsan dama kan ɗau ɗumi. Ya koyi ya riga shi: yakan fita da gaban takalmin a sake tun daga gida, a gada kuma ya ƙara sassautawa kafin a juyo, ba ya jira sai ya ji. Sagewar dai ba ta sake dawowa ba.

Takalmi mai lamba 45 ya mayar gwanjo da asara. Baƙin nan na farko kuwa wani yaro ɗan shekara 19 da ya shigo cikinmu kwanan nan ya nuna yana so. Ƙanina ya ce ba zai ba shi ba sai ya zo gida da yamma. Yaron ya zo bayan la'asar, aka shimfiɗa takarda a jikin bango, aka sa shi ya miƙe tsaye ya saki nauyinsa. Faɗinsa milimita 97. Aka yanke zanen aka zura, ya kwanta lafiya lau, ya tafi da takalmin a leda.